Takun da Magulmaciya Ta Ƙi Ƙirgawa

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya gajiya? Mu ma nan muna lafiya, alhamdu lillahi.

Wannan "lafiya" ɗin ce ta sa na ɗauki biro. In ka kira waya Baba yana kusa da ni, kunnensa kuwa ka san ciwon bai taɓa shi ba, shi ya sa kullum nake ce maka da sauƙi. Gaskiyar magana, tun da aka sallamo shi daga asibiti bai leƙa ƙofar gida ba. Likita ya ce ƙafar hagun za ta dawo in yana motsa ta, in kuma ya bar ta za ta sandare ke nan. Baba ya ce ba zai fita yana jan ƙafa yara na kallonsa ba. Sandar da ka aiko tana bayan ƙofa, hularsa yake ratayewa a kanta.

Ana cikin haka autata Gajeriya ta dawo daga makaranta da sabon salo. Malamarsu ta kiwon lafiya ta raba wa 'yan aji wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, ana maƙala ta a ƙugu tana ƙirga taku. Wai su gani da idonsu ko suna motsa jiki ko zaman talabijin ya cinye su. Yaran sun sa mata suna Magulmaciya, don kowace safiya ita ke gaya wa malama wanda ya wuni a kwance. Yarinyar da ko ruwa ka ce ta miƙo sai ta ce ƙafarta na ciwo, yanzu roƙona take in aike ta. In ce sabulu da gishiri, sai ta sayo sabulun ta kawo, sannan ta koma sayen gishirin.

Shekaranjiya ta zauna gaban Baba ta karanta masa duk wa'azin malama, cewa zuciya na son tafiya, jini na son gudu. Ka san ba ya iya ce mata a'a. Ta maƙala masa abin a wando, ya dafa bango ya taso daga gado har bakin falo, gumi sharkaf. Ta duba na'urar, babu taku ko ɗaya. Da yake yarinya ce, da ƙarfi ta faɗa.

Baba ya yi dariya, ya ce ashe ƙarfe ma ya san wannan ba tafiya ba ce. Ya koma ya juya fuska bango, abincin dare ko kallonsa bai yi ba. Yaya, na shiga kicin na kunna famfo don kada a ji ni, na yi kuka mai isata. Saura kaɗan in wurga abin nan a kwata. Tsoro nake ji kada wannan ya zama tashinsa na ƙarshe.

In ka kira kada ka tayar da zancen. Ka gaida Anti da yaran.

Ƙanwarka,
Maman Gajeriya

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Anti? Na ji muryarta a shaƙe ranar da muka yi waya, Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri na bar ka da zullumi duk makonnin nan, ga ƙarashen labarin.

Washegarin ranar da na rubuto maka, Gajeriya ta mayar da Magulmaciya makaranta cikin fushi, ta ce an ba ta lalatacciya. Malama ta gwada ta ga lafiyarta lau, sai ta tambayi yadda tsohon yake tafiya. Wai yarinyar nan a gaban aji ta kwaikwayi Baba. Da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma a nan malamar ta gano bakin zaren. Na'urar ba ta jin ƙafar da ake ja, sai wadda aka ɗaga aka ajiye. Allah ya saka wa matar nan, ta ce a bar wa kaka ita kowace yamma.

Gajeriya ko takalmi ba ta cire ba ta faɗa ɗakinsa, ta ce masa Magulmaciya ba ta yi ƙarya ba, shi ne ke satar hanya. Maganar da likita ya yi ta lallaɓawa, ni kuma nake kewayawa, ita ta dire masa ita a gaba. Baba ya ce a kawo masa abar, zai ga ko ita ko shi.

Ban taɓa ganin mutum yana faɗa da gwiwarsa ba sai ranar. Ya cije leɓe, ya ɗaga ƙafar da ƙyar, ya ajiye. Lamba ta motsa. Gajeriya ta zagaye gidan da ihu, shi kuma ya zauna bakin gado yana cewa wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Tun daga nan kullum suna tsakar gida da yamma, tana gefensa tana tafiyar hawainiya, suna musu a kan wanda ya fi wani ragwanci. Ita ce ta ƙarshe a aji yanzu wajen yawan taku, tunda Magulmaciya a ƙugun Baba take yin rabin wuni. Na san abin yana cinta, don ta ƙwallafa rai a kan igiyar tsallen da za a ba wanda ya zo na ɗaya. Ni kuma na riga na sayo tata na ɓoye.

Jiya ya fita ƙofar gida. Mai shagon da ke kallonmu ya bar ciniki ya tsallako gaishe shi.

Yanzu ga saƙon da ya ce in rubuta maka, don yana jin nauyin faɗa da bakinsa. Ranar da za ka zo, kada mota ta kawo ka ƙofar gida. Ka sauka a bakin layi ka kira ni, shi zai fito tarbarka. Ni kuma ga nawa roƙon, don na san halinka. Kada ka rugo, kada ka kama masa hannu. Ka tsaya inda kake ka bar shi ya zo. Zai daɗe, Yaya, amma zai iso.

Gajeriya na gaishe ka, Baba yana sa albarka. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Maman Gajeriya