Kabad Ɗinki da Ɓeraye

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan alhamdulillahi. Ƙirjin Baba ya yi sauƙi, sai dai likita ya nanata kada a kuskura a fesa maganin ƙwari a gidan da yake kwana.

Auta, kin san ba ni da yawan magana, amma wallahi kabad ɗin nan da kika bari a sitona ya kai ni maƙura. Kin danna masa kwaɗo, kin tafi da makulli, kin ce kaya ne kawai. To wane irin kaya ne ke haihuwar ƙwari? Ta ƙasan ƙofarsa suke fitowa layi-layi, sun shiga wake, sun shiga shinkafa, yanzu har ɓeraye sun tare. Da na tsananta tambaya, babbar 'yata ta ce ta ga kin cusa ƙullin gyaɗa a ciki ranar tafiyarki, wai za ki dawo ki ɗauka.

Babu dabarar da ban yi ba. Na shanya hatsin a rana na tankaɗe, na juye a robobi masu murfi da busasshen barkono. Na shimfiɗa ganyen darbejiya a kan kantoci, na zagaye ƙafafun kabad ɗin da toka. Kanumfarin da na ƙulla a tsumma kuwa, Baba ya tsince shi tas, wai haƙorinsa ya fi kyankyaso buƙata. Duk aikin banza nake, tunda gidansu na ciki, ni ina waje.

Yayanki, maigidana, ya ɗauko guduma ya fi a ƙirga, yana cewa ni kaɗai ce a duniya ke neman izini kafin ta kori ɓera. Na hana shi. Amana kika bar min, ba zan ɓalle abin da kika kulle ba sai da yawunki. Na kira ba kya ɗagawa, na aika saƙo kin turo min hoton yara.

Jiya da nake shara na tarar da sheƙar ɓera a bayan buhu, an yi ta da koren yadi mai zaren zinariya. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Mayafin marigayiya Inna ne, Auta, wanda kika roƙa na bar miki. Ashe shi ma a kabad ɗin kika kulle shi. Ga ƙyallen nan na wanke na sa a cikin ambulan. Ki duba shi da kyau, sannan ki ce min in ɓalle ko in bari.

Ki gaida maigidan, da surukarki, da takwarata. Baba na sa muku albarka. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki,
Yaya Babba