Motar da Ta Hana Ni Cewa Amin

Zuwa ga Babban Manaja, kamfanin da ya sayar mini da mota a Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Malam Umaru, tsohon hedimastan firamare a Gwandu. Ban ambaci sunan kamfaninku a jarida ba don ina ganin mutuncinku, kuma kun san kanku. An ce zuwa da kai ya fi saƙo. To, na je da kaina sau biyar ban ga fuskarka ba, kullum ko ka fita ko kana mitin. Shi ya sa na koma ga saƙon, na kuma sa shi inda kowa zai karanta.

Da na ajiye alli bara, garatutina na kwasa gaba ɗaya na sayi doguwar motar nan fara a hannunku, sabuwa fil, kujerunta cikin leda. Na ƙi ta hannu duk da abokai sun ce ta fi sauƙi, don na ce ni tsoho ne, ba ni da ƙarfin kwana ƙarƙashin mota. Na samu layi a tashar Gwandu da ƙyar, ina jigilar fasinja zuwa Kalgo, musamman yanzu da aka ba mu sabuwar jiha hanya ta cika da mutane. Layin nan shi ne abincin gidana, fansho kuwa kowa ya san halinsa. Ga abin da ya faru tun daga ranar.

Na ɗaya. Ruwan farko da ya same ni a hanya, sati uku da sayen motar, cikinta ya sauka. Ta haɗin rufin sama yake zubowa, daidai kan kujerar tsakiya, da kuma ta gefen robar gilashin gaba. Wata dattijuwa mai sayar da gishiri ta riƙe buhunta a cinya, kafin mu isa Kalgo rabinsa ya narke a zanenta. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Malam, da na sani da na tahi bisa jaki, shi ko ba ya cewa yana da ruhi bisa kai." Fasinja suka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma kunya ta kusa kashe ni. Tun ranar 'yan tasha suke kiran motata Rariya. Ban da wannan akwai mariƙin ƙofar baya da ya fita a hannun wani mutum, da gilashin direba da ba ya hawa sai an tallafe shi da tafi. Waɗannan duk na yafe, yoyon nake magana.

Na biyu. Cikin daminar bara sau huɗu na kawo motar garejinku. Zuwan farko babban makanikenku, wani dogo mai alƙalami uku a aljihu, ya ce roba ce, za ta zo daga Legas, in dawo bayan sati biyu. Na dawo, ya ce tana hanya. Na uku aka ce mai makullin sito ya tafi ta'aziyya. Na huɗu wata ma'aikaciya ta sa na sake cika takardar da na riga na cika, ta ce waccan ba a gan ta ba. Shekara talatin ina karɓar uzurin yaran da ba su yi aikin gida ba, ban taɓa jin masu yawan na garejinku ba. Kowane zuwa kuma yini guda ne na bar layi, wani ya yi lodi a gurbina.

Na uku, kuma nan ne laifina yake, ba zan ɓoye ba. Ina da aboki a Kalgo, Mamman, masunci ne, tun muna samari muke tare. Ya ga ina yawo da roba da tsumma ina tarar ruwa kamar mai ɗakin da ya sha damina goma. Ya hau ya duba rufin, ya sa farce a tsagar haɗin, ya ce, "Umaru, wagga mota taka ta hi jirgina shan ruwa. Bari in yi mata abin da mukan yi ma jirgi." Ya cusa tsumma a tsagar da bakin wuƙa, ya narka kwalta ya bi ta kai, yadda suke toshe kwalekwale. Wallahi aikin ya yi, sauran daminar ko ɗigo ban gani ba ta sama. Abin da ni da shi ba mu tuna ba shi ne, kwalekwale cikin ruwa yake kwana, mota kuwa cikin rana take yini. Da zafin bazara ya zo kwaltar ta narke, ta gangaro kan farin fenti, ta bi tsagar ta shiga ciki. Ranar kasuwar Kalgo ta ɗiga a kan babbar rigar wani alhaji da zai je ɗaurin aure.

Shugaban tasharmu, Alhaji Garba, ya kira ni gaban direbobi. Ɗalibina ne a da, don haka kansa a ƙasa ya yi maganar. Ya ce in kankare kwaltar duka, kuma ya ce, "Malam, ka yi mini aikin gafara, amma ranad da ruwa ya sake taɓa fasinja cikin motarka, layinka ya tahi." Ban ga laifinsa ba. Akwai mutum uku da ke jiran gurbin, kuma tasha ba ta mayar da wanda ta cire. Na kankare kwaltar, tsagar ta fito fili, har ta fi da buɗewa.

Na huɗu. Zuwana na biyar ke nan, watan jiya. Babban makaniken ya ɗauko butar alwalarsa, ya tsiyaya ruwa kaɗan a kan rufin, ba ma daidai tsagar ba, ya leƙa ciki ya ce shi bai ga yoyo ba. Na ce a kawo tiyo, ya ce famfo ba ruwa. Sai idonsa ya faɗa kan tabon kwalta. Nan fuskarsa ta washe, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce tunda wani hannu ya taɓa motar ba na kamfani ba, garanti ya faɗi. Ranka ya daɗe, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da robarku ta zo daga Legas, me zai haɗa masunci da rufin motata? Takardun zuwana huɗu na farko suna hannuna da hatiminku, kuma dukansu sun riga kwalta.

Na biyar. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma da nauyi nake rubuta shi. Bana ruwa ya yi jinkiri. Gonata tana Malisa, ƙanena yana noma a Dodoru, iri yana ajiye, shanu sun rame, kowa idonsa a gabas. Ni ma idona a gabas, amma da wata manufa. In na ga hadari ya taso sai in ƙara wuta in sauke fasinja kafin ya iso. In ya watse sai in ji sanyi a raina. Ba na iya zama wuri ɗaya, uwargida ta ce ko tuwo a tsaye nake ci, ina leƙen sama ta ƙofa.

Shekaranjiya da hantsi gari ya fita roƙon ruwa. Muka taru a filin idi cikin tsofaffin kaya, aka yi sallah, aka juya riguna, liman ya ɗaga hannu yana kuka. Ga ƙanena a damana, ya tako tun daga Dodoru, leɓensa duk ya tsattsage. Jama'a suka ɗauki amin kamar ƙasa za ta tsage. Ni kuwa na buɗe baki, sai na tarar zuciyata tana cewa, "Ya Allah, ba dai wannan satin ba." Na rufe bakin. Ɗan manomi, jikan manomi, wanda ya koya wa yara cewa ruwa rahama ne, ya tsaya cikin sahu ya kasa roƙa wa garinsu ruwa saboda tsagar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Na dawo gida na yi istigfari, har yanzu ban iya haɗa ido da ƙanena ba.

Don haka ga roƙona. Garantin shekara guda zai cika ƙarshen watan nan, ku karɓi motar kafin nan, ku kuma duba ta da idonka a wurin. A gwada ta da tiyo ko da bokiti, ina tsaye, ba da buta ba. A like haɗin rufin yadda ya kamata, a sa robar gilashin da aka yi mini alkawari tun bara. Fentin da kwalta ta ɓata kuwa ku bar mini shi, wannan aikin hannunmu ne ni da Mamman, na ɗauka. Kuma ku ba ni amsa a rubuce cikin satin nan, don ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi ina rubutun nan gabas ta fara duhu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗa kasuwarku, ya tsare ka da ranar da abincinka zai yi karo da addu'ar jama'a. Liman ya ce in ruwa bai sauka ba za a sake fita jibi. Zan je, zan tsaya kusa da ƙanena, kuma wannan karon zan ce amin da ƙarfi ko da layina zai tafi. Abin da ya rage a hannunka shi ne ko zan faɗe ta ina murna kamar kowa.

Wassalam.

Naka,
Malam Umaru, tsohon hedimasta,
Gwandu.