Tsaga Biyu a Kunnen Dama

Gumel, ranar Lahadi.

Zuwa ga Nana Firdausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun nan sun daina kumbura? Ki gaishe mini da Inna da Malam da duk mutanen Gagarawa Tasha. Ni lafiya lau, sai dai tun da kika tafi goyon ciki tuwon kasuwa nake ci.

Na san za ki yi dariya ki ce jiya-jiya muka yi waya, me ya kawo takarda. Akwai maganar da in na ɗora waya a kunne sai ta maƙale mini a wuya, shi ya sa.

Aikin nan na Maigatari ni aka ba. Ƙungiyar dillalan shanu sun ce suna son saniyar ƙarfe a ƙofar kara, wadda duk mai shiga kasuwar dabbobi zai gani. Har daga Kano wasu suka zo nema. Shugaban ya ce 'yan ƙungiya su zagaya Gumel su duba ƙarafunan baranda da ƙofofin manyan gidaje, su tambayi wanda ya yi. Ni Manu, da na fara da injin walda na aro a gindin dalbejiya. Ba yabon kai ba, ke shaida ce, amaryar da ta kwana a gadon da na haɗa ba ta taɓa dawowa gyara ba.

Da rodi da ƙarfe mai faɗi nake tayar da ita, ta yadda za ki hango sararin sama ta tsakanin haƙarƙarinta. Na tambayi malamin unguwa, ya ce in bar ta babu ido babu baki, haka kuwa na yi. Amma ƙaho da tozo da tsayuwa, duk na Woɗe ne, jar saniyar da ke jan garkenmu ina yaro.

Ga maganar da ta maƙale. Ke 'yar gari ce, ba ki san wannan ba: kowane gidan Fulani yana da shaidar da yake yi wa shanunsa a kunne. Ta gidanmu tsaga biyu ce a kunnen dama. Zan yi mata ita. Kin san Baffa bai taɓa taka shagona ba. Tun ranar da na gama sakandare na ce ƙarfe zan koya, ya ce shi bai haifi maƙeri ba, iyakar maganarsa ke nan har yau. Gadon da na kai masa ruga, ƙore ake shanyawa a kai. Amma kasuwar Alhamis ba ta wuce shi a Maigatari. Zai zo, zai ga shaidar gidansa tsaye a ƙofar kara, inda mutanen Nijar da na Najeriya ke wucewa. Ba sai ya ce komai ba. Ya gyaɗa kai kawai, ya ishe ni.

Kada ki gaya wa kowa. Allah ya sauke ki lafiya.

Naki,
Manu.

Gumel, ranar Talata.

Zuwa ga Nana, Maman Ɗantsoho,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jego. Yaya ruwan zafi, yaya yaron? Cibiya ta warke? Ki yi wa Inna godiya, ɗawainiyar suna ta yi yawa, Allah ya saka. Na ji daɗi da kika yarda aka sa masa sunan Baffa, kuma Ɗantsohon da kuka laƙaba masa ya dace da wannan goshin nasa.

Ranar suna kin ce na rame, na ce miki aiki ne. Ba aiki ba ne. Ban so in ɓata miki ranarki ba.

An buɗe saniyar kafin ki haihu da 'yan kwanaki, kin ga hoton. Jama'a har kan motoci. Wani dillali, Ɗantala, ya yi ta ihu wai ga saniyar da ba ta ci ba ta sha, wa zai taya. Ni kuwa ina gefe cikin sabuwar shadda, idona na kan hanyar Sule Tankarkar, inda rugarmu take.

Da hantsi sai ga Baffa da yayana Hamma, sanda a kafaɗa, malafa a ka. Mutane suka buɗa masa. Kowa a gabanta yake tsayawa ya ɗauki hoto, shi kuwa ya zagaya ya tsaya a bayanta, kamar mai shirin kora ta. Ya daɗe a wurin. Ya shafa gindin wutsiya, ya duba ƙafafu, ya ɗaga kai ya bi tozo da kallo har zuwa ƙaho. Nana, na ga fuskarsa ta saki. Wallahi na gani. Ya gane Woɗe. Sai idonsa ya sauka kan kunne.

Ɗantala ya ce, tsoho, ko za ka saya ne, ɗanka zai yi maka ragi. Baffa ya ce, "Saniya ce mai kyau. Ta gidan Cindo ce. Allah ya sa musu albarka."

Daga nan ya miƙo mini hannu kamar yadda ake gaisawa da baƙo, ya tambayi jikinki, ya shige kara.

Hamma ne ya ja ni gefe ya nuna mini. Tsagar tana kunnen hagu. Tsaga biyu a hagu shaidar gidan Cindo ce, dangin da suka raba garke da kakanmu ba a rabu da daɗi ba. Na ce ƙarya ne, a dama na yanka, da hannuna. Ya ce a ina na tsaya. Na ce a gabanta mana, a ina mai walda zai tsaya in yana aikin kai? Ya ce to damata na yanka, ba tata ba. Makiyayi daga baya yake bin shanu, damarsa ita ce damar saniya.

Kin san ni da awo. Ban taɓa kai ƙofa gidan mutum ta ƙi shiga ba. Ƙahonnin nan sau nawa na sauke su na mayar don kada ɗaya ya fi ɗaya. Hamma bai yi mini dariya ba, da ma ya yi. Cewa ya yi ba laifina ba ne, na daɗe ban bi bayan shanu ba.

Duk wanda ya zo shago sai ya yaba, har wani ya ce a yi masa raƙumi a ƙofar gidan gonarsa. Ina amsawa da baki.

Ki shafa mini kan yaron.

Naki,
Manu.

Gumel, ranar Asabar.

Zuwa ga Nana,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya ke da Ɗantsoho, da Inna da Malam. An ce yana kuka da yamma. Ki duba ko ciki ne, kada a yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe.

Na je wajen shugaban dillalai na ce zan sauke kunnuwan in sa wasu. Ya ce wane irin kunne kuma, abin da aka riga aka yi wa biki? Wai ban da tsofaffin Fulani wa zai lura. Na ce ai don tsohon Bafillace ɗaya na yi ta. Ya ce sai an zauna. Suka yi ta jan ƙafa, wannan ya tafi Damagaram, wancan yana biki. Da na gaji, ranar da ba kasuwa na ɗora janareta a a-kori-kura na tafi. Mai gadi ya ce wa ya ba ni izini, na ce sunan wa ke rubuce a gindinta? Ya matsa.

Na yanke duka biyun na sa sababbi. Wannan karon a bayanta na kafa tsani, na miƙa hannun dama na dafa kunnen, na shafa masa alli kafin in sauko. Na goge, na yi fenti. Ko ke ba za ki gane an taɓa ba.

Abin da ya sa na ƙi jira shi ne Baffa ba lafiya. Tarin nan ne na bara ya dawo, har Alhamis biyu bai je kasuwa ba, abin da ban taɓa ji ba. Na je ruga na same shi kwance a tabarma, gadona yana waje da ƙore a kai. Na ce mu tafi asibiti, ya ce ya sha magani. Na zauna kusa da shi. Can na ce masa na gyara kunnen. Ya ce kunnen da aka tsaga ba ya komawa. Na ce nawa yana komawa, ƙarfe ne. Na so in haɗiye maganar bayan ta fita, don ta yi kama da gardama, amma sai na ga kamar ya yi murmushi. Ko tarin ne ya motsa masa baki, ban sani ba.

Na nuna masa hoto a waya. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya miƙo mini. Ya ce shi bai san saniya a cikin gilashi ba, in ya tashi zai je ya gani.

Zai je, Nana. Da bakinsa ya faɗa. Na yi magana da mai mota, ranar Alhamis za mu ɗauke shi daga ƙofar bukka har ƙofar kara, ba sai ya taka ba. Na haɗa masa kujera mai hannu, mara nauyi, wadda zai zauna a kai a bayanta in tsayuwa ta gagara. In ya ƙi zama a kan ƙarfe, na tanadi buzu.

Ki taya ni addu'a. Gaisuwa ga kowa.

Naki,
Manu.

Gumel, ranar Juma'a.

Zuwa ga Nana Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da yaron. Na ga Malam da 'yan uwanki a wajen gaisuwa, Allah ya ba da lada. Kada ki damu da rashin zuwanki, ba ki yi arba'in ba, kowa ya sani. Ki daina kukan nan da kike yi a waya, yaro yana sha a nono.

Kin ji dai ranar Laraba Baffa ya cika, da la'asar. Washegari mai motar ya zo kamar yadda muka yi, sai masu gaisuwa ya yi ta ɗauka. Kujerar tana shago. Ban san abin da zan yi da ita ba.

Ni na shiga kabari na karɓe shi, ni da Hamma. Ba nauyi ko kaɗan. Mutumin da yake kayar da bijimi shi kaɗai.

Abin da ban gaya miki a waya ba shi ne wannan. Bayan an share makoki na dawo Gumel, ina zaune a ƙofar shago, sai ga Hamma a bayan a-kori-kura riƙe da igiya. Karsana ce ja, jikar jikar Woɗe. Ya sauke ta ya miƙo mini igiyar. Na duba kunnen dama, tsaga biyu, sababbi, ko ɓawon ciwon bai faɗi ba. Ɗaya ta miƙe, ɗaya ta karkace.

Hamma ya ce washegarin ranar da na je da waya, Baffa ya sa aka riƙe shi har garke. Ya nuna wannan, aka kayar da ita. Hamma ya nemi ya karɓi wuƙar ya yi masa, Baffa ya ƙi. Hannunsa na rawa, shi ya sa ta biyun ta karkace. Da ya gama ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce, "A kai wa Manu. Ya tsaya daga baya."

Na tambayi Hamma ko ta Ɗantsoho ce, don a al'adarmu ana ba jariri saniya. Ya ce bai ambaci yaro ba, sunana ya kira. Na ce da faɗa ya faɗa ko da daɗi? Ya ce ka san Baffa, muryarsa ɗaya ce.

To ga ni nan. Wani lokaci in ce gori ne ya bar mini, in riƙa gani kullum. Wani lokaci in ce duk 'ya'yansa ya ba su shanu ban da ni, yau ya ba ni. Wanda zai raba mini gardamar yana ƙasa.

Na ɗaure ta a bayan shago, na yi mata rumfa. Ƙarar injin yanka tana firgita ta, har ta kusa tsinke igiya, don haka ban tayar da inji ba tun zuwanta. Masu gadaje suna ta zarya. Su jira.

Jiya na je Maigatari. Kasuwa ta cika kamar kullum, mutane sun yi layi a gaban saniyar suna hoto, Ɗantala yana ta barkwancinsa. Na zagaya na tsaya inda Baffa ya tsaya. Daga nan kunnen daidai yake, tsaga biyu a dama. Na daɗe a wurin, ni kaɗai ne a bayanta.

Ki kula da kanki. In kin yi arba'in zan zo da kaina in ɗauke ku. Ki gaida Inna da Malam. Allah ya jiƙan Baffa, ya raya mana mai sunansa.

Mijinki,
Manu Sajo.