Goshin Fiffike

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikata, amaryata mai giɓi. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, su nake iya gani yanzu.

Na samu saƙonki, wai ƙarshen wata za ki turo mota a kwashe ni a rufe ɗakin aikina, tunda hawan jinin ido ya ci rabin ganina. Na san maƙwabcina Mai Walda ne ya kai miki gulmar yankan da na yi a babban yatsa. Shekara arba'in ina kafinta, yatsan nan ya ga abin da ya fi wannan.

Ba inda za ni. Ƙaramin jirgin sama mai rimot da nake haɗawa saura goshin fiffike, wato bakinsa na gaba mai tsaga iska. Sanda ce ta katako mara nauyi, sai an fere ta an goge da samfefa har ta lanƙwasa kamar bayan cokali. Dole dama da hagu su zo daidai, in ba haka ba jirgi ya karkace ya ci ƙasa. Mu yi yarjejeniya: in ya tashi ya miƙe, ki bar ni a ɗakina. In ya karkace, ni da kaina zan miƙa miki makulli.

Naki,
Baba

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin amaryata, murar ta sake ta?

Gara ki ji daga bakina: na ɓata fiffiken hagu. Ana jan layin fensir a tsakiyar goshin, iyakar da samfefa ba ta ƙetarewa. Ban ga layin ba, na cinye shi sarai. Da na shafa na ji wurin ya kwanta, na zauna kan benci raina a ɓace, har abinci na kasa ci. Mai Walda ya leƙo wai in kawo ya yi min, na fatattake shi. Mutumin da ko allon gasa nama ya haɗa sai ya yi ɗingishi.

Na ɓamɓare sandar na manna sabuwa. Maimakon fensir na ja zaren ɗinki daga wannan kai zuwa wancan, na ɗiga masa gam. Ido bai ga layi ba, amma yatsa na jin zare. Ja goma ta sama, goma ta ƙasa, ina ƙirgawa da baki, sannan in zura kwalin da na yanka daidai siffar na daman in ji inda ya cije. Kwana uku ke nan, ƙura har cikin gemu.

Ki gode wa maigidanki da ya ce zai sayo min haɗaɗɗen jirgi na kanti. Ya ba amaryata, ni ban kai nan ba.

Mahaifinki

Uwata,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya.

Jiya da safe muka je filin ƙwallo. Mai Walda ya riƙe rimot, ni na cilla jirgin. Ya bar hannuna, taku kaɗan sai sama ta haɗiye shi, ƙararsa kawai nake bi da kunne. Ya miƙe sambal har ƙarshen fili, bai karkata ko'ina ba. Matar Mai Walda ta ɗauka a waya ta tura miki, ki duba da idonki mai kyau.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi min ciwo. Wata biyu ina shafa abu, kowa ya gan shi a sama ban da ni. Na juya baya na share fuska. Amma yarjejeniyarmu ba ta ce sai na gani ba.

Maganin idon ina ɗigawa, asibiti ma zan je ranar da kika sa. Motar kuwa, in kin riga kin yi magana da direba, kada ya zo hannu rabbana. Ya taho min da katako, fiffike na gaba zai fi wannan tsawo.

Naki har kullum,
Baba