Sabulun da Ya Ƙi Yankuwa

Zuwa ga ƙanina, Autan Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, kamar yadda muke a nan. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya raya mana yaran, ya sa nisan da ke tsakaninmu ya zama alheri. Umma tana nan garau, sai dai gwiwar nan tata da ke yi mata tsiya idan ta daɗe a tsaye, kuma ka san ta, ba za ta yarda ta zauna a kanti ba, wai mai saye ba ya son ya tarar da mai kaya a zaune. Baban yara ya warke daga murar da ta kwantar da shi kwana uku, wadda ya ɗauka ciwon ajali ce, har da yi mini wasiyya a kan motarsa. Babbar 'yata ta shiga aji shida, ta fi ni tsawo, ta kuma fi ni baki.

Na ga saƙonka, kuma sai da na karanta shi sau uku saboda murna. Wato kai ɗin nan da kake ɓoye mini takardar sakamakonka a ƙarƙashin katifa, yau kai ne manajan talla, har kana tambayar yayarka abin da aikin ke bukata. Allah ya taya ka riƙo. Da a ce wata uku da suka wuce ka tambaye ni, da na jero maka abubuwa goma ina hura hanci, tun daga iya karanta alƙaluma har zuwa iya magana a gaban manya. Amma a watan jiya saura ƙiris in rasa kujerar da na yi shekara bakwai a kanta, don haka bari in ba ka labarin, ka tsinci abin da za ka tsinta.

Ka san sabulun wankin kamfaninmu, doguwar sandar nan mai tsaga uku a bayanta, wadda muka taso muna gani a kantin Umma. To, ni na ga ya tsufa. Na ce ya yi kama da bulo, ba ya ɗaukar ido a kan kanta, abokan hamayyarmu kuma sun fara yi mana fintinkau. Na zauna da mai zanen sashenmu muka fito da sabon fasali, mai siffar ƙwai, sumul ba tsaga ko ɗaya, cikin takarda mai sheƙi. Injiniyan masana'anta ya yi ta gunaguni a kan canza mazubi, na ce masa shi dai ya zuba sabulu, sayarwa aikina ne. Na tura ma'aikatana ƙofar manyan kantuna da takardun tambayoyi, suka tare mutum ɗari biyar. Cikin kowane goma, tara sun ce ya yi kyau, ƙamshinsa ya yi daɗi. Muka cika gari da allunan talla, muka sa waƙa a rediyo wadda har yanzu yarana suke rera mini idan suna son su ba ni haushi.

Wata na farko aka ɗiba, don mutane na son ganin sabon abu. Wata na biyu ciniki ya fara ja da baya, na uku ya faɗi warwas. Diloli suka ce ba ya tafiya, ni kuma na ce lalacinsu ne. Na ƙara talla, na sauya waƙa, na ɗora laifi a kan tsadar rayuwa. Abu ɗaya ne ya ƙarfafa mini gwiwa: a taswirar ciniki da ke bangon ofishina, inda ko'ina ya yi ja, akwai unguwa ɗaya da ta tsaya kore, ana ta sake oda duk bayan mako biyu. Unguwarmu ce. Na riƙa nuna ta a kowane taro ina cewa ga shaida, inda aka fahimci kayan ana saye, sauran wurare ma lokaci kawai suke bukata. Daga ƙarshe babban manaja ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya ce ranar Litinin in zo gaban shugabanni da dalili mai kama hankali, in ba haka ba akwai wanda aka riga aka yi wa maganar kujerata. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Ranar Asabar da safe na tafi gida wurin Umma, ba don bincike ba, don dai in sami inda zan ajiye kaina. Na zauna a kan bencin nan na bakin kanti. Ga sabon sabulun nawa guda uku an jera a gaba, an goge su tas, kamar yadda nake ganinsu duk zuwan da na yi, kuma kullum na tambaya sai ta ce alhamdu lillahi, ana taɓawa. Ban daɗe ba wata mata ta zo da kwanon wanki a hannu, ta ce a ba ta kwata. Umma ta saci kallona, sannan ta sunkuya ta zaro sandar sabulun abokan hamayyarmu daga ƙarƙashin kanta. Ta ciji bakin zare da haƙori, ta zagaya shi a kan tsagar da ke bayan sandar, ta ja, yanki ya faɗo daidai wa daida. Kafin azahar na ƙirga mutum goma sha huɗu da suka sayi sabulu. Biyu kaɗai suka sayi sanda guda, sauran duk rabi ne ko kwata. Auta, ni da na tashi a cikin kantin nan, ni da na sha yanka sabulu da zaren nan har ya yi mini shaida a yatsa, na manta cewa tsagar ba ado ba ce.

Da na shiga cikin gida yin salla, na leƙa tsohon ɗakinka neman darduma, sai ƙofar ta ƙi buɗuwa sosai. Na tura da kafaɗa. Katan-katan ne na sabuluna tun daga ƙasa har kusa da taga, goma sha ɗaya, ko ɗaya ba a farke ba. A nan na gane koren ɗigon da nake ta tinƙaho da shi a gaban shugabanni, ashe uwata ce. Duk bayan mako biyu take kiran dila ta yi oda, ta sa a shigar da shi ɗakinka, don kada a ce kayan 'yarta ba ya tafiya ko a unguwarsu. Na zauna a bakin gadonka na yi kuka sosai, na kunya da na tausayi a haɗe, har ban san wanda ya fi yawa ba.

Ranar Litinin ban kunna na'urar haska bango ba. Na shiga da tsohuwar sanda, da sabon sabulu, da zaren da na aro a wurin Umma. Na roƙi babban manaja ya raba mini kowanne gida huɗu. Tsohon ya rabu salin alin. Sabon kuwa ya yi ta zame masa, da ƙyar ya yanku, gefe biyu suka fito ƙanana, tsakiya manya, ga ɓarɓashi a kan teburin taro. Na tambaye shi, in kuɗi ɗaya zai biya, wanne zai ɗauka, kuma wa zai yarda ya karɓi na gefen. Na bayyana musu cewa mutum ɗari biyar ɗin nan ba ƙarya suka yi mana ba, mu ne muka tambayi masu sayen sanda guda a manyan kantuna, alhali yawancin cinikinmu yana hannun ƙananan masu kanti da ke yankawa. Sannan na faɗi abin da ya fi yi mini nauyi, na ce unguwar da nake nunawa ba shaida ba ce, mahaifiyata ce. Wani ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye ta. Da aka fara maganar sallamar mai zane, na ce shi ya zana abin da aka ce ya zana, sa hannun da ke ƙasan takardar nawa ne.

Ba a kore ni ba. An ba ni wata uku in gyara, an kuma janye ƙarin girman da ake shirin yi mini, kuma wallahi ban ga laifinsu ba. Na je har masana'anta na ba injiniya haƙuri, ya sha ƙamshi na minti biyar, sannan ya nuna mini tsohon mazubin, ashe bai taɓa yarda a jefar da shi ba. Yanzu duk Laraba ba na zama a ofis, ina bin ƙananan kantuna in zauna a benci in yi shiru ina kallon hannun mai saye da na mai sayarwa. Alƙaluma ka iya su fiye da ni, kuma lallai ka riƙe su, amma duk lambar da ta faranta maka rai fiye da kima, tashi ka je ka ga fuskar wanda ke bayanta. Mutanen masana'anta kuma kada ka raina gunaguninsu. In ka yi kuskure, ka riga kowa faɗa, kuma kada ka bar na ƙasa da kai ya ɗauki dukan da yake naka.

Da na koma da mota don a kwashe katan-katan ɗin, na tambayi Umma tun yaushe ta san sabulun ba zai yi ba. Ta ce tun ranar da na kawo mata na farko, tana juya shi a hannu ta ga ba inda zare zai kama. Na ce to me ya hana ta faɗa mini, ita da ta yi shekara ashirin da shida tana sayar da sabulu, da shi ta biya mana makaranta ni da kai. Ta ci gaba da goge teburin kanti, ba ta ko dube ni ba, ta ce ai ranar ba tambayarta na zo yi ba, nuna mata na zo yi, kuma ta ga yadda fuskata take haske. Har yau maganar nan ba ta bar ni ba.

Ka gaida mini matarka da kyau, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka shafa mini kan takwarar Umma da Sarkin Rigima. Baban yara da yaran duk suna gaishe ku, Kawu ma ya ce a isar masa, haka Goggo ta ƙofar gida, wadda har yanzu take cewa ka tafi mata da tocila. Umma ta ce in gaya maka tana alfahari da kai. Kafin ka shiga sabon ofishinka ka kira ta, Auta, kuma kada ka cika ta da labari. Ka tambaye ta, sannan ka yi shiru har ta gama.

Taka har kullum,
Yayarka