Matajin Kaka

Mama,

Ina neman albarkarki. Yaya ƙafar taki? Ni lafiya lau nake a nan birnin Ponce, ramar ma kaɗan ce.

Tun da guguwar ta wuce ba mu ga wuta ba, amma takardar kuɗinta ba ta ɓata hanya ba. Shagona na gyaran gashi ya zama wurin hira. Jiya wata mai zuwa gyaran gashi, Doña Milagros, ta kalli na'urar busar da gashi, ta ce, "'Yar nan, da baki za ki hura min?" Ta fice.

Ki aiko min matajin ƙarfen Kaka, wanda ake ɗorawa a garwashi a miƙar da gashi da shi. Kada ki yi dariya. Na sani, ni na ce na haye teku na rabu da gawayi.

'Yarki,
Nurys