Salula ta raba yayana da littafi da shanu

Hajiya Lubabatu, don Allah ki taimaka mini, na rasa wanda zan kai wa kukana.

Ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Gidan Rumji, amma 'yar ruga ce daga gefen Sae Sabuwa. Yayana, Hamma Garzali, shi ya koya mini karatu. A da ko kiwo ya fita akwai littafi a aljihunsa. In aka kawo magana gaban Arɗo, Hamma ake jira, domin ba ya cewa komai sai ya juya ta ya ga bayanta.

Tun da ya sayi babbar salula ya canza. Bara wani saƙon murya ya zagaya, wai allurar rigakafin shanu dabara ce ta ƙarar da dukiyar makiyaya. Ba wanda ya san mai maganar. Hamma ya hana a yi wa garkenmu, gidaje da dama suka bi shi don sun yarda da hankalinsa. Na kai masa gajeren bayani daga ma'aikatan dabbobi, ya duba layin farko ya ce ya yi tsawo, in taƙaita masa. Ina farawa salula ta yi ƙara, ya koma kanta.

Da rani ciwon huhu ya shigo. Fiye da rabin garken ya tafi, har da saniyar da mahaifiyarmu ta bar mini. Maƙwabta sun daina gaishe mu. Shi kuwa wani sabon saƙo yake saurare yanzu, mai cewa guba aka zuba a rijiya. Ni kaina, Hajiya, littafin da na fara tun hutu ban wuce babin farko ba, kullum ina kan tawa salular. Tsoro nake ji.

Ƙanwa mai baƙin ciki, Gidan Rumji

Ƙanwata, Allah ya mayar muku da alheri.

Ba zan ruɗe ki ba, irin wannan kuka yana yawan zuwa mini, kuma kaɗan ne suke dawowa da labari mai daɗi. Amma ki yi wa yayanki adalci. Makiyayi ya sha cuta, shi ya sa zargi yake saurin shiga kunnensa. Labarin gubar kuma ya fi masa sauƙin haɗiya a kan ya yarda shi ya jawo asarar. Kada ki yi masa gori, kada ki ce ya yar da salula. Da ita yake jin farashin kasuwa da inda ruwa ya sauka.

Ki fara da naki littafin, ki gama shi. Sannan ki samu Arɗo a keɓe, a nemi ma'aikatan dabbobi su duba sauran shanun, wannan ba zai jira Garzali ya gane ba. In kin je ruga ki bar salularki a jaka, ki zauna kusa da shi ki karanta wani abu a fili, ki nemi ra'ayinsa. Wataƙila ya tashi ya bar ki. Wataƙila kuma mutumin da kika sani ba zai dawo ba, ki shirya wa hakan.

Allah ya ba ki haƙuri, ya tsare muku abin da ya rage.